Fuskar da Na Zana a Allo

Matasan malaman da ake turowa koyon aiki a makarantar unguwarmu sukan biyo ta ƙofar gidana bayan an tashi, su gaishe ni, su sha ruwa. Makon jiya ɗaya daga cikinsu ya ce shi tarihi ya zaɓa don babu wahala a cikinsa. Babu lissafi, babu gwaji, ka tsaya gaban yara ka yi ta ba su labari har a kaɗa ƙararrawa. Abokansa suka yi dariya, ni ma na taya su. Na fi shekara talatin ina wannan aikin da babu wahala, saboda haka bari in faɗa muku yadda yake, tun daga allo.

Shafa allo shi ne aikin farko da aka ba ni a Gumel, a farkon shekarun hamsin, lokacin ina malamin koyo a ƙarƙashin Malam Bukari. Allon katako ne da ya koɗe. Ana daka gawayi lukui a tankaɗe, a jiƙa ƙaro ya narke, a haɗa su, a shafa da tsumma daga sama zuwa ƙasa, sannan a jingine shi a inuwa. In ka shanya a rana sai ya tsattsage. In ƙaro ya yi yawa sai ya yi sheƙi, alli ya riƙa zamewa, yaran baya ba sa ganin komai. Alli kuwa kaɗan ake kawowa daga ofis, mukan karya kowanne gida uku. 'Yan aji ɗaya a ƙasa suke rubutu da yatsa, sai sun shiga aji biyu ake ba su sileti. Ƙararrawarmu guntun ƙarfen dogo ne da wani ya samo a Gagarawa Tasha aka rataye a jikin aduwa. Littafin tarihi ɗaya ne tak, na malami, abin da ke ciki kuwa jerin sunayen sarakuna ne da shekarun da kowa ya yi. Bauta layi biyu aka ba ta: a da ana yi, Turawa suka zo suka hana.

Darasin fatake ne ya nuna mini cewa aikin yana da dabara. Malam Bukari ya san jerin sunaye ba ya riƙe ɗan shekara goma idan rana ta take. Sai ya ƙirƙiro yaro sa'an 'yan ajin, ya ɗora shi a kan jaki cikin ayari, ya bi da shi rijiya-rijiya har inda ake sayen goro. Yana da ƙa'idoji, ba ya kuma karya su. Kafin ya raɗa wa yaron labari suna, sai ya buɗe rajista ya bi ta daga sama har ƙasa, don kada sunan ya zo ɗaya da na wani a ajin. Garin yaron ba ya kan taswira. Amma hanya, da kayan da aka ɗauka, da kwanakin tafiya, waɗannan ba ya taɓa su, yadda tsofaffin fatake suka faɗa masa haka yake faɗa. Yana tsayar da labari daidai inda ya yi tsauri, sannan ya sa a kaɗa ƙarfe. Ranar ƙarshe kuma ya ce, "Yaron nan ni na ƙera shi. Hanyar da ya bi tana nan, wanda ya girma ya je ya gani."

Layi biyun nan na bauta kuwa tsallake su yake yi kowace shekara. Wata rana na tambaye shi dalili. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Mutum nawa ne a ajin nan?"

Na ce, "Talatin da biyu, Malam."

"A rajista ke nan. Kowane ɗaya da kakanninsa huɗu yake zaune a bencin nan. Ranar da ka san su duka, ka koyar."

Na ce to. A raina na ɗauka tsufa ne kawai ya sa shi tsoro.

Bayan shekara biyu aka tura ni wani ƙauye tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar. Ɗaki biyu ne na laka, daga ni sai malamin Arabiyya. Ku yanzu iyaye ke kawo muku yara har kuna cewa aji ya cika. Mu a lokacin nan dagaci ake rubuta wa cewa ana son yara kaza, shi kuma ya nemo. Masu hali sukan tura nasu wajen dangi a ƙasar Damagaram har ɗauka ta wuce. Dagacin garin ya ba da ɗansa ɗaya, Sani, don kada a ce bai bayar ba. Sauran yawancinsu daga gidajen da ba sa iya ce masa a'a suka fito. Ban taɓa tsayawa na tambayi abin da ya sa ba sa iyawa ba.

A cikinsu akwai Sale, ɗan aji huɗu, siriri, mai saurin lissafi har yakan gama kafin in gama rubuta tambaya. Jarrabawar shiga babbar firamare saura wata uku, kuma ƙauyen bai taɓa tura ko mutum ɗaya ba. Sale nake shiryawa.

Tsara labarin bautar ya ci mini mako guda. Na bi ƙa'idojin Malam Bukari ɗaya bayan ɗaya. Na duba rajista, babu mai suna Yalwa, sai na sa wa yarinyar labarin Yalwa. Shekararta takwas, tana korar tsuntsaye a gonar gero can kudu, a wani gari da babu shi, mahaya suka ɗauke ta. Na riga na tambayi tsofaffi a Gumel, sun tabbatar mini cewa hari ba daga gefe ɗaya yake zuwa ba, an kai mana, mu ma mun kai, na kuma sa wannan a ciki. Kowace Laraba, darasin ƙarshe, nake ba da kashi ɗaya. Makon farko ba wanda ya nemi fita fitsari. Mako na biyu malamin Arabiyya ya sallami nasa yaran da wuri ya zo ya tsaya a taga. Akwai wani yaro Musa, wanda ba ya magana a kowane darasi, ran Laraba sai ya baro bencinsa na baya ya zauna a ƙasa dab da ƙafata.

Laraba ta uku aka sayar da Yalwa. Ina so yara su ga fuskarta, sai na ɗauki alli. Ran kasuwa nakan sayi daddawar batso wajen wata tsohuwa mai wata irin tsaga da ban taɓa gani ba. Ba ta Mangawa ba ce, ba ta Barebari ba, ba kuma irin ta Hausawan wajen ba. Siraran layuka ne da suka taso daga gefen ido suka lanƙwaso zuwa haɓa, da gajeru uku a goshi. Ban san sunan matar ba, ban san gidanta ba, fuskar ce kawai ta zauna mini. Ita na zana. Da na ga zanen ya yi kyau, sai na ƙara wata magana da ba ta cikin abin da na tsara. Na ce sabon ubangidan Yalwa ne ya kira wanzami ya tsaga mata fuska haka, don ko ta gudu a gane ta.

Sai Sani ɗan dagaci ya miƙe.

"Malam, ai wannan Iya Kande ce! Kakar Sale!"

Dariya ta ɓarke. Na goge da hannun rigata, amma a makon na shafa allon, ƙaron bai gama kamawa ba, sai inuwar layukan ta ƙi fita. Da aka tashi ina jin su a bakin rijiya suna cewa, "Sale, da goro nawa aka sayi kakarka?" Kashegari Sale bai zo ba. Wasu uku ma ba su zo ba, har da Musa. Ba fuskar kakanninsu na zana ba, amma sun san bayan Sale su ne.

Dagaci ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure shi kaɗai, ya sallami fadawansa.

"Malam, shekara guda muna zaune lafiya da kai. Me muka yi maka?"

"Ranka ya daɗe, kuskure ne."

"Garin nan babu wanda bai san asalin kowa ba. Sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, muna auren juna, ba mai ɗaga maganar. Kai ka zo ka rubuta ta da farin alli. Labarin nan ya tsaya nan. In na sake jin sa, zan rubuta Gumel a canza mana malami. Yaran kuma gobe zan aika a kamo maka su."

Na roƙe shi kada ya aika kowa, ya ba ni mako guda. A duk abin da na yi a shekarar, wannan ne kaɗai na yi daidai ba tare da an koya mini ba. Yaron da aka kamo da bulala jikinsa ne kawai zai zauna a benci.

Ran Juma'a na hau keke zuwa Gumel, rabin hanya tura shi nake yi cikin rairayi. Na tarar da Malam Bukari yana ɗinke bangon wani littafi da allura. Ya saurare ni har ƙarshe bai ɗaga kai ba, bai kuma ce ai na faɗa maka ba.

"Fuskar ta wa ce?"

"Ta wata mai daddawa."

"Ka tambaye ta?"

"A'a, Malam."

"To sata ka yi. Mai kaya ake mayar wa, ba dagaci ba. Ka je da ƙafarka, da rana tsaka kowa na gani, ka riƙe goro. Kada ka tafi da rajista a hannu."

Haka na yi kashegari. Mahaifin Sale na tarar a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. Ya amsa sallama, bai shimfiɗa mini tabarma ba.

"Malam, yaro yana gona. Bokon da ya yi ya isa. Ni ɗa aka haife ni, ba bawa ba, gonata nake nomawa tun kafin a haife ka. Sai shekaranjiya ɗana ya dube ni ya ce, Baba, nawa aka sayi Iya?"

Sai wata murya ta fito daga bayan danga.

"Wane ne? Mai zanen ne? Zagayo da shi nan, hannuna ba ya barin tukunya."

Iya Kande tana zaune a gindin kurna, tana dafa gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa da ake daddawar batso da su. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye goro. Ta buɗe, ta zaɓi fari ɗaya, ta tura sauran cikin zane.

"An ce ka yi mini hanci irin na tunkiya."

"Iya, ban iya zane ba."

"Haka aka ce. To ba ni labarin nan da ya hana jikana barci. Tun daga farko, kada ka rage."

Na ba ta, tana juya tukunya. Ba a taɓa duba mini darasi da tsanani irin na ranar ba, har masu zuwa daga ofis. Da na ce an ɗaure Yalwa a hannu, ta ce, "A wuya. In ka ɗaure hannu wa zai ɗauki kaya?" Da na ce an ba su tuwo a hanya, ta yi dariya har da tari. "Tuwo! Wa zai tsaya ya tuƙa? Dusa ce a jiƙa a tafin hannu." Da na ce Yalwa ta yi ta kuka har aka iso, ta ce yaro ba ya kuka bayan kwana uku, ƙaya ce a ƙafa take damunsa. Da na zo kan wanzami kuwa, sai ta ajiye muciya.

"Nan ne ka yi ƙarya. Sauran rashin sani ne, wannan ƙarya ce. Dube ni da kyau, Malam. Ubana ne ya sa aka yi mini wannan, kwanana bakwai a duniya. Duk 'yan gidanmu haka fuskarsu take. An karɓe mini zane, an karɓe harshen garinmu, Kanden ma ba sunana ba ne. Wannan kaɗai na zo da shi ba wanda ya iya karɓa. Kai kuma ka tsaya gaban yara ka ba wanda ya saye ni."

Na ce ta yafe mini. Ta ce wannan mai sauƙi ne, ta tambaye ni yadda na yi niyyar ƙare labarin. Na ce Bature zai zo ya ce babu sauran bauta, Yalwa ta koma garinsu.

"Ni ban ga Bature da idona ba sai da na haifi uku. Ranar da aka yi shelar hana bauta, da safe muka ɗauki tulu muka tafi rijiya kamar jiya. Ina za mu? Wace hanya? Sai daga baya ni da uban wannan muka sare daji can yamma da gari, muka shuka namu. Shekarar da na zuba gero a rumbun da ba mai buɗewa sai ni, a nan za ka ƙare labarinka."

Na ce dagaci ya hana a ci gaba. Ta dube ni, ta dubi ɗanta, ta rage murya.

"Igiya ɗaya ta kawo mu da uwar dagacin. Ita tana gabana, ni ke taka mata diddige. Ita aka kai ta cikin gida, ni aka kai ni gona. Wannan ba na allo ba ne, ka ji ko?"

"Na ji, Iya."

"Bar mini dagaci. Kai dai ka tsaya inda ka tsaya ka yi ƙaryar, ka ce ƙarya ka yi."

Na tambaye ta ko za ta zo ajin ta faɗa da bakinta. Ta ce ita ba birin wasa ba ce da za a kai ta yara su yi kallo. Mahaifin Sale ya fara cewa, "Iya, ni dai yaron nan…" Ta ce, "Yi mini shiru. Ni na yi tafiyar, ba kai ba. Ran Litinin zai koma."

Maganar uwar dagaci ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau, da duk waɗanda ta shafa sun riga mu gidan gaskiya. Wannan ma yana cikin aikin. Malamin tarihi a ƙaramin gari yakan san abin da ya fi wanda yake koyarwa yawa, kuma sai ya iya rarrabe na allo da wanda ba na allo ba.

Ran Lahadi aka ga Iya Kande ta shiga gidan dagaci da ƙwaryar daddawa a ka, ta daɗe a ɗakin uwarsa. Abin da suka ce ban sani ba. Na dai san ran Litinin Sani ya zo makaranta kunnensa ɗaya a kumbure, bai kuma sake ambaton goro ba. Dagaci ma da muka haɗu a masallaci, ruwan sama kawai ya tambaye ni. Sale ya zo, ya zauna a wurinsa, bai dubi kowa ba.

A zamanin nan malami ba ya cewa ya yi kuskure. Ko ya rubuta biyu da biyu biyar, yaro ne bai gani da kyau ba. Ran Laraba na tsaya a gaban allo na ce, "Makon jiya na yi muku ƙarya biyu. Na ɗauki fuskar mutum ban tambaye shi ba, na ce ta Yalwa ce. Na kuma ce ubangida ne ya yi tsagar. Ba haka ba ne. Uba ne ke sa a yi wa 'yarsa ranar suna, kamar yadda aka yi wa kowannenku." Hannaye suka riƙa tafiya kunci, kowa yana shafa tasa. Daga nan na gyara igiya, na gyara dusa, na ci gaba. Laraba biyu na ƙara, na ƙare labarin a bakin rumbu. Wani yaro ya ce, "Malam, shi ke nan? Ba ta koma gida ba?" Kafin in amsa, Sale ya ce daga bencinsa, "Ta ina za ta bi?" Ita ce maganarsa ta farko a aji tun da ya dawo.

Sale ya zauna jarrabawa ya ci, shi ne na farko daga ƙauyen. Biyu daga cikin sauran ukun sun dawo bayan mako biyu. Musa bai dawo ba. Mahaifinsa ya tura shi wajen wani ƙanensa a gefen Maigatari. Sau biyu ina zuwa gidansu, ana karɓata da mutunci, ana ba ni fura, ana cewa sai ya dawo. A ƙarshen shekara na ja layi a kan sunansa.

Ban daina koyar da bauta da labari ba, duk shekara sai na yi, har na bar aiki. Amma a sabon gari ba na farawa sai na yi damina ɗaya ina zama da tsofaffi, mata musamman, domin su ke riƙe da abin da maza suka gwammace su manta. Mutumin labari kuma ba na ba shi fuska. Yara suna iya yi masa da kansu.

Wajen shekara goma sha biyar bayan haka na je kasuwar Maigatari ran Alhamis neman ragon layya. Ina cikin kara, wajen da ake sayar da dabbobi, wani dillali mai gemu ya saki igiyar akuya ya durƙusa a gabana cikin mutane.

"Malam, ba ka gane ni ba. Musa ne, na ƙasan allo."

Muka gaisa, na tambayi iyali, ya ce 'ya'yansa uku. Ya zaga da ni, ya buɗe bakin raguna biyar yana duba haƙori kafin ya yarda in ɗauki ɗaya. Ya riƙe mini igiya har bakin mota. Da za mu rabu sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Malam, in tambaye ka mana. Yarinyar nan Yalwa. Daidai inda aka sayar da ita na bar makaranta. Ta koma gida kuwa?"

Na ce, "Ba ta koma ba. Amma ta sare daji, ta yi gonarta, ta yi rumbunta. Ta ga jikoki."

Ya dubi ragon.

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. Ya miƙa wa yaron mota igiyar, ya koma wajen awakinsa.